Yadda Jamusawa suka tattara nasu ya nasu daga tsibirin Kosika

Idan aka ambaci yaƙin Hitila a Dutsin-Ma ko Kurfi, Boma ce ke fara zuwa bakin tsofaffi, don can Ingila ta kwashi samarin Arewa. Amma akwai wani fage da 'yan Afirka suka zubar da jini wanda ba a cika jin labarinsa a nan ba: Kosika, tsibirin Faransa mai duwatsu a tekun Bahar Rum, inda aka haifi Napoleon.

Sojojin Italiya kimanin 80,000 ne suka mamaye tsibirin a Nuwamba 1942. Wasu daga cikin jama'ar gari suka shiga daji. Wani jirgin ruwan Faransa mai nutso, Casabianca, ya riƙa lallaɓowa daga Aljeriya da dare yana sauke musu bindigogi a gaɓa. Cikin jagororinsu akwai Jean Nicoli, malamin makaranta wanda ya taɓa koyarwa a ƙasar da yau ake kira Mali. Italiyawa suka kama shi, suka kashe shi a Bastia ranar 30 ga Agusta 1943.

Kwana tara bayan haka Italiya ta sanar da ajiye makamai, abokin Jamus na jiya ya koma abokin gaba. Washegari, 9 ga Satumba, 'yan sari-ka-noƙe suka tashi a Ajaccio. A daidai lokacin rundunar Jamus ta 90 tana gudowa daga tsibirin Sardiniya ta mashigar Bonifacio, tana neman tashar jiragen ruwa ta Bastia a arewa.

Faransawa na son a ce mayaƙan daji ne suka kori Jamus. Maganar ba ta kai haka ba. Hitila da kansa ya ba da umarnin janyewa, kuma Janar von Senger na Jamus ya kwashe mutum wajen 30,000 ta ruwa da ta sama, a tsare. Abin da 'yan ƙasa suka yi shi ne suka rufe masa duwatsu. A yankin Levie suka tare ayarin motocinsa, suka karya gadoji, suka hana shi ratsawa yamma zuwa Ajaccio. Sai ya zama titin gaɓar gabas kaɗai ya rage masa, jiragen yaƙi kuma na yi masa ruwan bama-bamai. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a shekarun nan na 'yan bindiga ya san bambancin mai riƙe da kwalta da mai riƙe da dajin da ke gefenta.

Tunda Ajaccio ba ta faɗa hannun Jamus ba, sai ta zama ƙofa. Ta nan Janar Giraud na Faransa ya shigo da dakaru, akasarinsu Musulmin Maroko, da yawansu 'yan duwatsun Atlas, sanye da jallabiyar ulu mai zane, alfadarai na ɗauke da harsashi a bayansu. Su ne suka hau mashigar Teghime da ke saman Bastia a farkon Oktoba, suka gwabza da Jamusawan da ke gadin baya, manyan bindigogin Italiya na dafa musu. Ranar 4 ga Oktoba aka shiga Bastia, aka tarar jirgin ƙarshe ya riga ya tashi, an bar motoci ƙonannu a bakin tasha.

Kosika ce yankin Faransa na farko a Turai da ya kuɓuta, wata takwas kafin saukar dakarun ƙawance a Normandi da fina-finai suka cika mana ido da ita. Kaburburan wasu daga cikin mutanen Maroko suna nan kusa da Saint-Florent. A Oktoba 2013, shekara saba'in cif, Shugaba François Hollande na Faransa da Yarima Moulay Rachid na Maroko suka je Bastia suka rataya wa wasu tsofaffin sojojin da suka yi saura lambobin girma.