Turmi da Ƙashin Mace a Birnin Zazzau

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Kwarbai ko Kusfa ko Limancin Kona ya san tsohuwar da bayanta ya ranƙwafe, tana dogara sanda. Hausawa sukan ce tsufa ne ya zo. Sau da yawa kuwa ciwo ne mai suna zaizayar ƙashi, watau ƙashi ya riƙa rasa sinadarin kalsiyam har cikinsa ya koma kamar soso. Ba ya zuwa da zazzaɓi ko raɗaɗi. Ranar da aka zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugu ko na wuyan hannu ya karye, ranar ake saninsa, alhali ya shekara ashirin yana ɓarna.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Gini yakan fi rushewa har zuwa wajen shekara 30. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, wajen shekara 50, sinadarin istirojin da ke kare ƙashinta sai ya ragu, zaizaya ta yi sauri. Ke nan abin da budurwa ta tara shi tsohuwa za ta ci.

Babbar mace tana bukatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, wadda ta haura shekara 50 kuma 1,200. Tuwon dawa da na masara ba su da shi da yawa, kuma dusar hatsi tana ɗauke da abin da ke hana hanji tsotsarsa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun bayyana a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu suka gwame a can, ƙarancin kalsiyam ne babban dalili, don abin da suke samu bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Tukunyar da yaro ya ci, ita uwarsa ta ci. Abin mamaki shi ne maganin yana kan tallan yau da kullum. Kofi guda na nono ko kindirmo yana ba da kusan miligiram 300. Tamba, wadda ake nomawa a kudancin Jihar Kaduna, ta fi sauran hatsi kalsiyam nesa ba kusa ba. Akwai kwaɗon zogale, da miyar kuka, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har ƙayarsu. Jiƙa hatsi ya kwana, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage abin da ke hana tsotsar. Sai dai a gidaje da yawa fura mai kaurin nono ta maigida ce, matan kuwa a tsinka musu da ruwa.

Jego ma yana da nasa rabo. Mai shayarwa tana zuba kalsiyam cikin nononta kowace rana, ƙashinta kuma yakan maido abin da ya rasa bayan yaye, in ta sami hutu da abinci. Kwanika tana rage wannan hutu. Kunun kanwa kuwa, wanda likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka danganta da ciwon zuciyar masu jego a Zariya tun shekarun 1970, gishirin da ke cikinsa yana ƙara fitar da kalsiyam ta fitsari. Mai jego ta fi bukatar ƙwaryar nono.

Ƙashi ba ya ƙarfi sai ana ɗora masa nauyi. A da, matar da ke cikin kulle ba ta rasa wannan ba: sussuka, da surfe, da daka, da niƙa a kan dutse, da jan guga. Taɓarya tana aiki da hannu da kafaɗa da gadon baya gaba ɗaya, kuma a tsakar gida ake yi, inda hantsi ke taɓa fata, jiki ya haɗa bitamin D wanda sai da shi hanji ke karɓar kalsiyam. Injin niƙa da famfo sun sauke wa mata wahala, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma. Amma ba a sa komai a gurbinsu ba. Tsakar gidan ma an cike ta da ɗakuna saboda cunkoson cikin ganuwa, hasken da ya ratso gilashin taga kuwa ba ya samar da bitamin D.

Abin da za a mayar a gurbin bai saɓa wa kulle ba. Tafiya mai ɗan sauri ta rabin sa'a, ko da kewaya gida ne, da tashi daga zaune ba tare da dafa ƙasa ba, da dakan yaji da daddawa a turmi, da shan hantsi hannuwa a buɗe. 'Yan mata su yi tsallen igiya da gaɗa, kada a hana su da sunan kamun kai. Tsohuwa kuma a gyara mata santsin makewayi, a sa fitila a hanyarsa. Wadda tsawonta ya ragu, ko ta karye daga 'yar faɗuwa, a kai ta asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa da ke Shika, ko da mai ɗori ya riga ya ɗaure karayar.