Gaba Kura, Baya Sayaki: Ma'aikatan Amurka a Zaɓen 2016

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 8 ga Nuwamba, 2016, manyan jam'iyyu biyu sun tsayar da 'yan takara masu baƙin jini. Binciken jin ra'ayi na kamfanin Gallup ya nuna fiye da rabin Amurkawa ba su yi na'am da Hillary Clinton ta jam'iyyar Dimokurat ba, Donald Trump na Rifablikan kuwa ya ma fi ta rashin karɓuwa. Ita ana zarginta da kusanci da manyan bankuna da ɓoye-ɓoye a batun saƙonninta na imel. Shi kuma ya yi ƙaurin suna wajen cin zarafin baƙi da Musulmi da mata.

Waɗanda wannan zaɓi ya fi yi wa nauyi su ne ma'aikatan masana'antu na jihohin Michigan, Wisconsin, Pennsylvania da Ohio, inda ake narka ƙarfe da ƙera motoci. A shekarar 2000 masana'antun ƙasar na ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 17. Zuwa 2010 ba su kai miliyan 12 ba. Na'urori sun ci wasu ayyukan, amma ma'aikata sun fi ɗora laifin kan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA da aka ƙulla da Kanada da Meziko, wadda ta fara aiki a 1994 zamanin mijin Clinton, da kuma shigar Sin ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Wanda ya ga an kwance injin da yake aiki a kai an tsallaka da shi iyaka, da wuya a lallashe shi da alƙaluma.

Nan Trump ya kama. Ya yi alƙawarin sake fasalin NAFTA, da sa wa kayan waje haraji, da dawo da masana'antu gida. Clinton kuwa ta taɓa yabon yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen yankin tekun Pasifik, wato TPP, lokacin tana sakatariyar harkokin waje, ta dawo tana sukarta, abin da ya sa da yawa ba su yarda da ita ba. Duk da haka tana goyon bayan ƙarin mafi ƙarancin albashi, wanda ya tsaya a dala 7.25 a awa tun 2009, kuma babbar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ta mara mata baya. Sai dai shugabannin ƙungiya daban, mambobi daban: gidajen 'yan ƙwadago da dama da suka zaɓi Obama a 2012 sun koma wa Trump, wasu suka ba 'yan takarar ƙananan jam'iyyu, Gary Johnson ko Jill Stein, wasu suka yi zamansu a gida. Clinton ba ta leƙa Wisconsin ba ko sau ɗaya bayan an tsayar da ita, sakacin da ya yi mata tsada.

Ta fi Trump ƙuri'u kusan miliyan 3 a faɗin ƙasar, amma a Amurka wakilan jihohi ke naɗa shugaba. Ratar ƙuri'un da ba ta kai 80,000 ba a Michigan, Wisconsin da Pennsylvania ita ta ba Trump mulki.

Wasu alƙawuran ya cika su. Ya fitar da Amurka daga TPP a Janairun 2017, ya sa harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfen waje a 2018, aka maye gurbin NAFTA da sabuwar yarjejeniya a 2020. Masu narka ƙarfe sun ɗan sarara, amma masana'antun da ke sayen ƙarfen sun ji a jikinsu. A 2017 ya shaida wa mutanen Youngstown a Ohio kada su sayar da gidajensu domin ayyuka na dawowa. A Maris 2019 kamfanin General Motors ya dakatar da aiki a masana'antarsa ta Lordstown da ke kusa da garin.

Abin da ya fi taɓa ma'aikaci shi ne wanda ba a cika ambatawa a dandalin kamfe ba. An rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, mafi ƙarancin albashi bai motsa ba har Trump ya sauka a 2021. Alƙalin da ya naɗa Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch, shi ya cika rinjayen biyar da huɗu a shari'ar Janus ta 2018, wadda ta hana ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati tilasta wa waɗanda ba mambobi ba biyan kuɗi, alhali dole ne su ci gaba da wakiltarsu a teburin sasanta albashi.