Tozon Bijini da ruwan da ka sabkowa

Wanda yat taso daga Yamai bisa hanyar kwalta, yaw wuce Doso, in ya yi kilomita 270 da ɗoriya sai ya hangi duwatsu ja jere gabanshi. Ya iso Dogon Dutsi ke nan. Daga duwatsun nan garin yas samu sunanshi. Wanda ya hi suna cikinsu shi ne Tozon Bijini, don ya yi tsaye shi ɗai kamar tozon babban sa.

Hawanshi sai da sahe, tun rana ba ta yi zahi ba, kuma da takalmi, don tsakuwar marmara ba ta san talakka ba, ba ta san sarki ba. Daga bisa mutum shina ganin garin duka, da kasuwa, da tabkin Saw, da kwarin Dallol Mawri ya miƙe kudu wajen Tibiri da Gesheme. Dallol tsohon gulbi ne da yab bar gudu tun zamanin da ba wanda yas sani, amma ruwanshi na nan kwance ƙarƙashin rairai, ba nisa. Shi yas sa da rani, lokacin da daji yab bushe, ƙasan dutsi kore ne shar: dankalin Nasara, albasa, shu, salati da tumatir.

Duwatsun ba su tsaya nan ba, sun bi bakin dallol arewa, wajen Matankari, inda Sarkin Arewa yaz zamna kahin sarauta ta komo Dutsi zamanin Nasara. Can gaba ga Lugu, garin Sarauniya. Nan ne cikin watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu taƙ ƙi bin sojan Faransa na Vule da Shanwan, waɗanda sunka ƙone garuruwa bisa hanyarsu. Mutanenta sunka tare su da baka da kibiya, da wuta tay yi yawa sunka shige kurmi. Abdullahi Mamani ya rubuta littahi bisa kanta cikin 1980, an yi sinimarta cikin 1986. Ga Lugu kuma Tunguma take, dutsen da Azna ka kai ma ƙara in magana ta gagara.

To amma yanzu dutsi ya yi sanƙo. Hwarin 1973 da na 1984 sun kashe icce mai yawa, abin da yar rage gatari ya bi shi, don gari ya ƙaru, kowane gida kuwa sai ya hura wuta. Da can, in anka yi ruwan sama, saiwar sabara da geza da ciyawa ka riƙe shi, shi nutse sannu. Yau ba abin da ka tsai da shi. Bisa hwaƙo yake zuba, ya haɗu, ya sabko da ƙarhi cikin ƙoramu, ɗauke da rairai da tsakuwa. Ya ci gonar hatsi, ya kada katangar laka, abin da yaɗ ɗauko kuwa ya zube shi cikin tabki. Tabkin da yac cika da rairai ba ya daɗewa da ruwa, mai garka shi ka hwara ji ga jikinshi.

Mutanen Dutsi ba su zamna ba. Sun jera duwatsu a gicciye ga gangare, sun gina madatsai cikin ƙoramu, sun haƙa rabin wata bisa hwaƙo sun dasa icce ciki. Garin Orsai na Faransa, abokin Dutsi, ya kama musu. Aikin ba wata dabara mai wuya ba ce, dutsen ma ga shi nan ba saye ake ba, sai dai gumi. Inda anka jera, ruwa na rage gudu, ya aje ƙasar da yaɗ ɗauko, ciyawa ta tsiro bayan jeren tun damanar hwarko.

Abin da ka ɓata shi biyu ne: bisashe da ka cinye ƙananan itatuwa, da jeren da yak karye ba a gyara ba. Ɓaraka guda ta isa ruwa shi sake hanya. Gyaran kuwa da rani ake yin shi, kahin hadarin hwarko shi taso daga gabas.