Arziki, Dukiya da Jari: Yadda Gidajen Attajirai Su Ke Riƙon Abin Hannunsu

Kalmomi uku ne Bahaushe ya kan kawo in ana zancen wadata, watau arziki da dukiya da jari. A maganar yau da kullum a kan cakuɗa su, amma in aka duba da kyau za a ga kowace da wurin zamanta. Arziki daga Larabci mu ka aro shi, ma'anarsa rabon da Allah ya ba bawansa, shi ya sa a kan ce da mutumin kirki ɗan arziki ko da ba shi da ko anini. Dukiya ita ce abin da a ke iya ƙirgawa, har makiyayi in ya ce dukiya shanu ya ke nufi. Jari kuwa shi ne sashen dukiyar da a ke jujjuyawa don ya haifi riba, shi a ke kira uwar kuɗi. Abin da wannan maƙala ke so ta nuna shi ne, gidan attajiri ba ya daɗewa sai in jarinsa ya zauna a dunƙule bayan ran mai shi. Abubuwa uku ne ke taɓa jari: haraji da zakka, faɗuwar darajar kuɗi, da rabon gado.

Mu fara da haraji. Kafin zuwan Turawa sarakuna sun karɓi kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, kowane da sunansa. Turawa su ka tattara yawancinsu cikin haraji guda, su ka bar jangali bisa shanu. Cikin 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna, ƙarƙashin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, su ka soke haraji da jangali. Kalmar haraji ba ta mutu ba, sai ma ta ƙara faɗi, ta zama sunan kowane irin kuɗin da hukuma ke karɓa. A nan ruɗu ke shiga, gama harajin dā bisa kan mutum a ke ɗora shi, na yanzu kuwa bisa abin da mutum ya samu. Bisa dokar haraji da aka sa wa hannu cikin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki cikin Janairu 2026, ba a karɓar kome daga naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, sa'an nan kason ya yi ta hawa har ya kai 25 cikin 100 bisa abin da ya haura naira miliyan 50.

Zakka ta sha bamban da wannan. Ita ba ta tambayar nawa ka samu, abin da ke hannunka ta ke dubawa in ya kai nisabi, watau miskali 20 na zinariya, kuma shekara ta kewayo. Sai a fitar da ɗaya cikin 40. Malaman Malikiyya sun raba 'yan kasuwa biyu: mai jujjuya kaya kullum, wanda ya kan yi wa hajarsa ƙima kowace shekara, da mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda ba ya fitarwa sai ya sayar. Gidan da mutum ke zaune ciki ba a yi masa zakka. Ashe ke nan haraji ribar jari ya ke taɓawa, zakka kuwa kuɗin da aka bari kwance ta fi ragewa, kamar tana cewa da mai shi ya tashi ya juya su.

Na biyu shi ne faɗuwar darajar kuɗi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ga shi kuwa wuri ya daɗe da zama abin ado. Cikin 1973, sa'ad da naira ta maye gurbin fam, dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. Cikin 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Wanda ya tara takardun kuɗi a akwati ya bar wa jikokinsa, takarda kawai ya bar musu. Saboda haka attajirai su ka fi karkata ga filaye da gidaje da zinariya da hannun jari. Waɗanda ke gudun kuɗin ruwa kuma sun sami ƙofa sa'ad da bankin Jaiz ya fara aiki cikin 2012, da kuma cikin 2017 da Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne gado. Nijeriya ta taɓa sa haraji bisa dukiyar da a ke gada cikin 1979, aka soke shi cikin 1996. Don haka ba hukuma ce ke cinye gidan attajiri ba, rarrabuwa ce. A ce mutum ya rasu ya bar naira miliyan 80 bayan an biya bashi da wasiyya, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba uwa ba uba. Matar za ta sami tumuni, miliyan 10. Sauran 70 a kasa bakwai, kowane namiji 20, kowace mace 10. Kowa ya sami haƙƙinsa daidai. Amma jarin da a dā ya ke cika mota da kaya ya koma kashi shida, ba wanda ya isa ya yi cinikin da uban ke yi. Da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Gidan Alhassan Ɗantata na Kano ya nuna wata hanya. Alhassan Ba'agale ne, mutumin Bebeji, ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya jarinsa can, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Ya rasu cikin 1955. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa bai watse ba, 'ya'yansa su ka ci gaba da shi, su ka kuma shiga gine-gine da sufuri da sauran harkoki. Da fari da cutar gyaɗa su ka rushe dalar gyaɗa tsakanin 1973 da 1975, gidan bai faɗi tare da ita ba. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, da rance daga cikin dangi ya fara kasuwanci cikin 1977, ya tashi daga sayo kaya zuwa sarrafa siminti da sukari, har aka ƙaddamar da matatar mansa a Legas cikin 2023.

Dabarar kamfani mai rajista ita ce, ana raba hannun jari ga magada bisa ƙa'idar shari'a ba tare da an sayar da masana'anta ko an datse kanti ba. Mallaka ta rabu, jari bai rabu ba. Akwai kuma hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi, watau a tsare kadara kada a sayar ko a gada, amfaninta ya riƙa tafiya inda mai ita ya ambata. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran.

Wannan ya shafi malamai kai tsaye. 'Ya'yan 'yan kasuwa suna cikin azuzuwanmu, su ne kuma magadan gobe. In muka koya musu lissafin ciniki da Hausa muna kiran kome da kome kuɗi, kowane biya kuma haraji, za su fita ba su san bambancin riba da uwar kuɗi ba. Wanda bai san wannan bambanci ba kuwa, uwar zai ci yana tsammani riba ce. Ya kamata mu tsai da kowace kalma a wurinta tun daga aji, gama harshen ya riga ya tanade su.