Mai ciwon zuciya, a duba masa ƙoda

Kitsen da ke taruwa a jijiyoyin zuciya yakan taru a jijiyar da ke kai jini ƙoda, ya tsuke ta. Kusan tara cikin goma na masu wannan tsukewa, abin da ya jawo musu ke nan.

A wani bincike da aka wallafa a 1992, likitoci a Jami'ar Duke ta Amurka sun duba jijiyoyin ƙodar mutum 1,235 da aka kawo domin gwajin jijiyoyin zuciya. Kusan kashi 30 cikin ɗari na da tsukewa, a kashi 15 kuwa jijiyar ta toshe rabi ko fiye. Abin ya fi yawa ga tsofaffi da waɗanda cutar ta ci jijiyoyin zuciyarsu da dama.

Idan jini ya ragu a ƙoda, sai ta saki sinadarin renin, shi kuma ya ɗaga hawan jini ya ƙara wa zuciya nauyi. Shi ya sa za ka ga dattijo yana shan magani iri uku, awo bai sauka ba. Wani kuma ruwa ya cika masa huhu cikin dare, numfashi ya gagara.

Ba kowa ke bukatar a buɗa masa jijiyar ba. Wani bincike na 2014 mai suna CORAL ya nuna ga yawancinsu magani ya wadatar. Amma wanda hawan jininsa ya ƙi jin magani, don Allah ya roƙi likita a duba ƙodarsa, ya kuma bar taba.