Kumburin Gindin Cinya Bayan Aikin Zuciya Ba Kaluluwa Ba Ne

Tun daga shekarar 1953 da wani likitan ƙasar Suwidin, Sven Seldinger, ya fito da dabarar zura siririn bututu cikin jijiyar jini ta hanyar allura, likitoci suka ƙara samun sauƙin isa ga zuciyar mutum ba tare da sun tsaga ƙirjinsa ba. A 1977 kuma Andreas Gruentzig ya buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da irin wannan bututu a birnin Zurik. Ƙofar da aka daɗe ana bi ita ce babbar jijiyar gindin cinya, wadda ke kai jini ƙafa. Ko da yake yanzu an fi son bi ta wuyan hannu, har yau akwai ayyukan da sai ta cinya.

To, idan an zare bututun, akan danne wurin na ɗan lokaci, sa'an nan majiyyaci ya kwanta sa'o'i bai lanƙwasa ƙafar ba, domin hujin ya rufe. Ɗan taruwar jini ƙarƙashin fata ba abin tsoro ba ne, yakan baje da kansa. Amma wani lokaci hujin ba ya rufewa, sai jini ya riƙa kwarara yana taruwa cikin wata 'yar jaka a gefen jijiyar. Alamarta ita ce kumburi mai zafi wanda ke harbawa daidai da bugun zuciya, kuma yana iya bayyana bayan an sallami mutum ya koma gida.

A nan hatsarin yake, domin wanda bai sani ba zai ɗauka kaluluwa ce ko maruru, har a kira wanzami. Duk wanda ya tsaga wannan kumburi, ko ya kafa masa ƙaho, jijiya ya buɗe, jinin kuwa ba zai tsaya da tsumma ba.

A asibiti, likita zai fara duba wurin da na'urar hoton ciki, wadda ke nuna yadda jinin ke shiga jakar yana fita. In ƙarama ce, ƙasa da santimita 2, sau da yawa takan daskare da kanta cikin 'yan makonni, sai dai a riƙa dubawa. In ta fi haka, akwai dabarar da aka bayyana a 1991, watau a danne wuyan jakar da kan na'urar har jinin ya daskare, amma tana da ciwo da cin lokaci. Saboda haka aka fi karkata ga allurar turombin, sinadarin da ke daskarar da jinin jakar cikin daƙiƙoƙi, kuma tana cin nasara a fiye da kashi 90 cikin 100. Tiyata kuwa sai in jakar tana girma da sauri, ko ƙwayoyin cuta sun shige ta, ko jini ya daina isa ƙafa.

Lalle a gaggauta komawa asibiti idan kumburin yana ƙaruwa, ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu, ko ciwon baya da jiri suka taso, domin jini na iya zuba ta ciki ba a gani ba. In jini ya ɓalle a gida, a kwantar da majiyyaci, a danne wurin da ƙarfi har a isa. Kada kuma ya daina shan maganin tsinka jini sai da izinin likitansa, domin shi ke hana jijiyar zuciyar da aka buɗe sake toshewa.