Scipio, Janar ɗin da Ya Karya Hannibal

A shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hannibal, gwarzon Kartaj, ya yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Cannae, kudancin Italiya. Dubun-dubatar sojoji suka mutu a yini ɗaya. Cikin waɗanda suka tsira har da wani saurayi ɗan babban gida, Publius Cornelius Scipio.

Shekara biyar bayan nan mahaifinsa da baffansa suka mutu a fagen daga a Sifen suna yaƙi da Kartaj. A 210 jama'ar Rum suka damƙa masa rundunar can, ko da yake bai taɓa riƙe babban muƙami ba. Shekara na zagayowa ya ƙwace birnin Cartagena: ya bari ruwan tafkin da ke bayan ganuwa ya ja baya, sojojinsa suka ratsa da ƙafa. Sojojin suka ce allan teku ne ya buɗe musu hanya, shi kuwa bai musa ba.

Da aka zaɓe shi konsul a 205, wato ɗaya daga shugabanni biyu na shekara, ya nemi a kai yaƙin Afirka, inda Kartaj take. Dattijo Fabius Maximus ya ce ganganci ne. Scipio ya haye, ya ƙulla ƙawance da Masinissa na Numidiya, har Kartaj ta kira Hannibal gida. A Zama, cikin Tunisiya ta yau, a 202, Hannibal ya saki giwaye 80. Scipio ya riga ya bar hanyoyi tsakanin sahunsa, da yawansu suka wuce fuu. Daga ƙarshe mahayansa da na Masinissa suka auko wa Hannibal ta baya. Nasarar ce ta ba shi laƙabin Africanus.

Majalisar dattawan Rum ba ta son mutum ɗaya ya fi ƙarfinta. Bayan yaƙin da Rum ta yi da Sarki Antiochus, magoya bayan Cato, abokin hamayyar Scipio, suka nemi Lucius, ƙanin Scipio, ya yi bayanin kuɗin da sarkin ya biya. Scipio ya sa aka kawo littafin lissafin, ya yayyaga shi a gabansu. Burgewa ce, amma ba amsa ba ce, kuma tuhumar ba ta tsaya ba.

Ya bar Rum cikin fushi ya koma gonarsa a Liternum, inda ya rasu wajajen 183. Ruwayoyi sun ce ya hana a mayar da gawarsa birnin.